Ƙarin da Aka Yi wa Kwamfutar Auta

Da aro abin ya fara. Yaya ya leƙo ɗakin Auta wata safiya ya tarar da ita zaune a ƙasa, laftof ɗinta a kan cinya, tana zanen taswirar gida. Ya ce ta ba shi kwamfutar zuwa yamma, zai gwada firintar da ya sayo. Ya riga ya gyara ɗakin ƙofar gida mai taga a bakin titi, ya mayar da shi shagon buga takardu, komai ya kammala sai abin da za a buga takardun da shi. Mutumin da ya buɗe irin wannan shago ba shi da kwamfuta, ai ka san akwai wadda ya sa wa ido tun kafin ya sayi fenti. Auta ba ta kawo haka a ranta ba. Ta adana aikinta, ta naɗe caja, ta miƙa masa da hannu biyu.

Zanen da take yi kuwa ba na wasa ba ne. Wata injiniya mai kamfanin gine-gine ce ta ba ta gwaji: wani siririn fili mai kusurwa a karkace, ta zana gidan da zai zauna a kansa. In zanen ya yi, za a ɗauke ta aiki. Sharaɗi ɗaya Injiniya ta gindaya mata. Aikin na yawo ne, daga wannan wurin gini zuwa wancan, don haka dole ta zo da laftof ɗinta, wadda za ta buɗe a kan bulo ko a bayan mota ta gyara zane a gaban magina. An sa mata farkon wata mai kamawa, kuma kowa a gidan ya sani, don a gabansu ta yi tsallen murna ranar da aka kira ta.

Yamma ta yi, kwamfuta ba ta dawo ba. Washegari da ta tambaya, Yaya ya ce akwai takardar wani malami a ciki, sai an gama. Bayan malami aka samu mai neman aiki, bayansa mai son a buga masa katin shago. Da ta kai ƙara wajen Umma, sai Umma ta ce ta yi haƙuri, ɗan'uwanta ne, kuma tun rasuwar mahaifinsu shi ne ke ɗauke da gidan. Maganar gaskiya ce, shi ya sa ta fi ciwo. Auta ta koma ɗaki.

Ba a jima ba Yaya ya fara ƙorafin cewa fuskar laftof ɗin ta yi ƙanƙanta, masu kawo aiki sai sun sunkuyo har suna numfashi a wuyansa kafin su ga abin da ake bugawa. Sai ga shi ya dawo rungume da wata tsohuwar monita mai kauri, wato allon kwamfutar tebur, Mai Gyara na biye da shi da jakar wayoyi. Mai Gyara siririn mutum ne mai yawan murmushi, wanda bai taɓa musa wa mai biyansa ba. Ya jona monitar, ya jona kibod, ya jona maus, ya shiga cikin kwamfutar ya taɓa wani wuri yadda ko an rufe murfi kwamfutar ba za ta yi barci ba. Da ma maɓallin kunna ta a gefe yake, saboda haka babu sauran dalilin buɗe ta.

Teburin ƙarami ne, firinta ta cinye rabinsa. Ƙafar monitar kuma gajera ce, Yaya ya zauna ya ce sai ya lanƙwasa wuya yake gani. Mai Gyara ya ce a samo littattafai a tara mata. Yaya ya duba hagu ya duba dama, idonsa ya sauka a kan laftof ɗin da ke rufe a shimfiɗe. Ya ce ga abu nan yana zaman banza ana neman littattafai. Ya ɗaga monitar da nishi ya ɗora ta a tsakiyar murfin.

Auta na bakin ƙofa tana kallo.

"Yaya, murfin ba zai ɗauki nauyin nan ba. Gilashi ne a ƙasansa."

"Ke dai kin cika tsoro," in ji shi, bai ko waiwayo ba. "Ƙarfe ne fa. Dubi yadda ta zauna daram."

Ta dubi Mai Gyara ko zai sa baki. Ya sosa ƙeya, ya yi murmushinsa, ya ce ai irin waɗannan na da suna da ƙwari. Yaya ya kira Umma ta zo ta ga abin arziki. Ya nuna mata babban allo, ya nuna mata kibod, ya ce ƙaramar kwamfuta Auta ta ba shi, ga shi ya mayar mata da ita babba irin ta ofis, ko sisinta bai nema ba. Umma ta tafa hannu ta sa albarka, ta juyo ta ce wa Auta ta yi wa yayanta godiya. Auta ta yi godiya, murya can ƙasa.

Daga ranar laftof ta daina shiga cikin gida. Wayoyi sun fito mata ta ko'ina, in za a ɗaga ta sai an kwance shago guda. Yaya ya yanke cewa Auta ta riƙa yin zanenta da sassafe kafin masu aiki su fara zuwa, in ya tashi ya buɗe mata. Tashinsa kuwa sai Allah. Wata rana ta samu lokaci mai ɗan dama, wata rana tana zama sai a ƙwanƙwasa taga. Abin da ya fi ba ta haushi da kanta shi ne babban allon ya yi mata daɗi. Layuka sun fito tar, kusurwar filin da ke ba ta wahala ta gan ta sosai, har ta gano inda matakala za ta zauna. Sai ta riƙa jin kamar ba ta da bakin yin ƙorafi, kuma Yaya ya lura da hakan, yana yawan tambayarta a gaban mutane ko ba ta ga bambanci ba.

Shi da yatsa biyu yake bugu, yana neman kowane harafi kamar wanda ya yar da allura. In layi ya taru sai ya ƙwala mata kira ta zo ta taimaka da shafi ɗaya. Shafi ɗaya ya zama biyar, biyar ya zama yini. Kafin a ankara Auta ce ke kan kujera daga hantsi har la'asar tana buga takardun mutane, Yaya na bakin taga yana karɓar aiki yana hira, yana gaya wa abokansa cewa na'urarsa ba ta da na biyu a layin. Zanenta na nan a ƙasan allo, ta kan buɗe shi tsakanin takarda da takarda ta ja layi ɗaya, sai wani ya yi gyaran murya ta rufe.

Wata safiya ta samu shagon shiru. Ta zauna ta haɗa rufin gidan gaba ɗaya, aikin da ta kwana biyu tana juya shi a kai. Hankalinta ya tafi har ta manta da adanawa, don ta saba ko an ɗauke wuta batir na riƙe ta. Sai fanka ta tsaya, allo ya yi baƙi. Ba ta damu ba da farko, ta ɗauka monita ce kawai ta mutu. Ta kara kunne a jikin laftof ɗin ta ji tsit. Ta zura hannu ta baya, yatsunta suka faɗa cikin rami inda batir yake.

Yaya bai ɓoye ba. Ya ce Mai Gyara ne ya ba da shawara, wai kwamfutar da ke jone da wuta kullum batirinta kumbura yake yi, don haka aka cire don a kare mata kayanta. Da ta ce to a ba ta batirin ta ajiye, sai ya ɗan yi tari ya ce ya ba Mai Gyara, shi kuma ya kawo wannan ɗan abin mai bakuna huɗu da ake jona filas ɗin adana bayanai da na'urar ɗaukar hoton takarda. Musaya aka yi, in ji shi, kuma ita ta ci riba, don da baki biyu gare ta, yanzu ga shida. Da aka dawo da wuta ta buɗe zanen, rufin babu shi. Ta kifa kai a kan kibod ta yi kuka, kuka na gaske, har haruffa suka cika takardar da ke buɗe. Yaya ya ce kuskurenta ne, mai aiki da kwamfuta kullum yana adanawa.

Da ta sake zuwa wajen Umma, ta same ta tana ninke kaya. Ta yi mata bayani dalla-dalla cewa ba batir ba za ta iya fita da kwamfutar ba, kuma aikin da take nema na fita ne. Umma ta saurara, ta ce ita ba ta san kan waɗannan abubuwa ba, amma abin da idonta ya gani shi ne kullum ƙari ake yi wa kwamfutar, ba ragi ba. Ta ce da shagon nan ake cefane yanzu, kuma ita Auta a ciki take ci. Ta ce in lokacin ya yi ai yayanta ba zai hana ta ba. Tana faɗa tana kallon rigar da ke hannunta, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Wata ya kusa ƙarewa. Auta ta sake haɗa rufin a gutsure-gutsure, tana danna adanawa bayan kowane layi kamar mai ciwon hannu. Kullum in ta zauna idonta na kan murfin da monita ke danne da shi. Yaya ya ma ƙara masa kaya, don a nan yake ajiye damin farar takarda, gefen ƙafar monitar. Ta ga kamar tsakiyar murfin ya ɗan lotsa, ta ce wa kanta idonta ne. Sau biyu ta roƙa a ɗaga a bar ta ta buɗe ta duba. Ya ce in aka taɓa wayoyin nan sai an kira Mai Gyara, shi kuwa ba kyauta yake zuwa ba. Ranar da ta matsa, sai ya sayo sabon kwaɗo ya sa wa shagon, wai saboda ɓarayi, ya jefa mabuɗi ɗaya a aljihu, ya ba Umma ajiyar ɗayan.

Ana gobe za ta je, ta tuna masa. Ya sha mur ya ce goben ne ranar da wata makaranta za ta kawo takardun jarrabawa, aikin da ya fi kowane girma tun da ya buɗe. Ya ce ta kwafi zanen a filas ta kai, ko ya buga mata shi a takarda, kyauta. Ta ce Injiniya laftof ta ce. Ya ce to Injiniya ta saya mata mana, tunda mai kamfani ce. Ya yi dariya shi kaɗai, ya kulle shago ya tafi.

Da safe ta shirya, ta rataya jakar laftof ɗin babu komai a ciki, ta tsaya a ƙofar ɗakin Umma. Yaya bai tashi ba tukuna.

"Umma, ki ba ni mabuɗin."

"Ki jira ya tashi ku yi magana."

"In ya tashi ba zan je ba, kin sani. Umma, tawa ce. Ban taɓa roƙon ki komai a kanta ba sai yau."

Umma ta kwance bakin zanen da ke jikinta ta ajiye mabuɗin a kan kujera, ba ta miƙa mata a hannu ba. Ta ce ita dai ba ta ga komai ba, ta shige ciki.

Auta ta buɗe kwaɗon. Ta sauke damin takarda, ta rungumi monitar ta ɗaga, nauyinta ya kusa kayar da ita. Ta zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, na firinta, na kibod, na abin nan mai bakuna huɗu. A kan murfin akwai zagayen ƙafar monitar, ya fito a cikin ƙura, tsakiyarsa a lotse. Ta sa yatsa za ta buɗe, sai ta ji tarin Yaya daga cikin gida. Ta cusa laftof da caja a jaka ta fice, ba ta tsaya rufe shagon ba. A cikin mota ta rungume jakar a ƙirji. Tana iya buɗewa a nan ta ga murfin ta ciki, amma ta kasa.

Injiniya mace ce mai ɗan shekaru, takalmanta duk ƙurar siminti, ba ta da yawan magana. Ta nuna mata kujera ta ce ta buɗe su gani. Auta ta ce a taimaka mata da soket. Injiniya ta ɗaga gira, ta nuna mata bango. Auta ta jona, ta danna maɓallin gefe, ta ɗaga murfin a karon farko tun ranar da aka rufe shi.

Gilashin ya tsage daga tsakiya, tsagar ta bazu har kusurwa huɗu. Da hasken ya kawo, sai wani baƙi kamar an zubar da tawada ya mamaye fiye da rabinsa, sauran kuma layuka ne masu launi suna rawa. Auta ta zuba masa ido. Ba mamaki ta ji ba, don zuciyarta ta daɗe da sani. Kunya ce ta rufe ta, irin wadda ke sa mutum ya ji zafi har a kunnuwa.

Injiniya ba ta tambaye ta komai ba. Ta jawo wayar monitar da ke kan teburinta ta jona mata. Zanen ya fito. Ta jawo kujera kusa, ta daɗe tana dubawa, ta sa aka juya mata gidan ta kowane gefe, ta tsaya a kan matakalar da ke cikin karkatacciyar kusurwar nan. Ta ce cikin duk waɗanda ta ba gwajin babu wanda ya yi tunanin sa ta a wurin. Sannan ta zare wayar ta mayar.

"Zanenki ya yi. Amma a wurin gini babu soket, babu monita, na gaya miki tun farko. Ki sa mata gilashi da batir ki dawo kafin ƙarshen mako. In ban gan ki ba, akwai na bayanki yana jira, kuma ba zan iya tsayar da gini ba."

Tun daga kan kwana Auta ta hango mutane a bakin tagar shago, ta jiyo muryar Yaya. Tana shiga ya fizge jakar. Ya ce ta kunyata shi a gaban masu makaranta, ta bar masa shago a buɗe, ta yi masa sata a cikin gidansu. Ta ce ya buɗe ya ga abin da monitarsa ta yi. Ya buɗe, ta ga a fuskarsa ya gane. Sai ya ɗago ya ce lafiya lau kwamfutar take har jiya, kowa shaida ne, da ita aka yi aiki. A jaka ta fasa ta, a cikin turereniyar mota. Umma ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta san wanda ya ajiye mabuɗi a kan kujera, ta kuma san abin da zai biyo baya in aka tono. Ta ce wa Auta ta ba yayanta haƙuri a wuce wurin.

Auta ta ce a gyara mata kafin ƙarshen mako, in ya so a cire daga wahalar da ta yi a shagon. Yaya ya ce wace wahala, taimakon gida ne ake lissafawa? Ya ce kuma gyaran me za a yi, gilashin da ba a amfani da shi, ga monita garau. Ya aika aka kira Mai Gyara don ya mayar da wayoyi. Mai Gyara ya duba, ya yi murmushinsa, ya ce tunda gilashin ya mutu, murfin ma nauyi ne kawai, in aka cire shi kwamfutar za ta fi shan iska. Yaya ya ce madalla. Auta ta riƙe gefen teburin ta ce kada a taɓa, amma muryarta ba ta kai ko'ina ba, masu makaranta na jira, Umma na jan hannunta. Mai Gyara na kwance ƙusoshin tana ji, ɗaya bayan ɗaya suna faɗawa cikin murfin kwalba. Da ya raba murfin da jikin, sai ya kawo wasu ƙarafa biyu ya ɗaure sauran rabin a ƙarƙashin teburin, ya ɗaure tam. Tebur ya samu fili, wayoyi suka ɓuya, shago ya yi kyau.

Ƙarshen mako ya zo ya wuce. Wayar Auta ta yi ƙara sau ɗaya tana tsakiyar buga takardun jarrabawa, ta ga Injiniya ce, ta kifa wayar.

In ka tambayi mutanen gidan, babu wanda ya zalunci kowa. Ba a sayar da kwamfutar ba, ba a ɓoye ta ba, tana nan, kuma har gobe in aka tambayi Yaya ta wace ce zai ce ta Auta ce, da bakinsa. Ba duka, ba zagi mai yawa. Sayo mata aka yi ta yi, ana jonawa, har ta kasa motsi, ita da mai ita. Irin wannan cuta ta fi wuyar kai ƙara, don duk wanda ka gaya wa sai ya fara lissafa maka alherin da aka yi.

Bayan kwanaki Yaya ya shigo da sabuwar kujera mai juyawa, ya ce ya lura bayan Auta na ciwo saboda yawan zama. Ya kira Umma ta gani. Umma ta shigo riƙe da jakar laftof ɗin, wadda yanzu take zuba zare da allurai a ciki, ta shafa kujerar ta sa albarka, ta ce wa Auta ta yi wa yayanta godiya.

Auta ta ɗago daga kibod. Ta dubi monita, ta dubi firinta, ta dubi kujerar, sannan ta dubi jakar da ke hannun mahaifiyarta.

"Umma, cikin duk abin da aka ƙara min, wanne zan iya ɗauka in fita da shi?"

Umma ta hau laluben zare a cikin jakar. Yaya ya juya yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Sai wani ya ƙwanƙwasa taga, ya miƙo takarda, ya ce a ce wa yarinyar ta yi sauri, yana da wurin zuwa.